Mai Sha Biyu Ya Fi Mai Ɗari

Zuwa ga Autata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ki lafiya, ke da maigidanki da yara, Ya ƙara miki haƙurin zaman nesa. Mu nan lafiya lau. Ƙafar babanku ta yi sauƙi har ya koma zuwa kasuwa da kansa, gwaggonki ta dawo daga jinyar surukarta, yayanki kuwa yana nan yadda kika bar shi, ci ba kama hannun yaro, aiki sai an yi ta magana. Ki zauna ki karanta wannan a natse, ba a tsaye kina latse-latsen waya ba, don labari ne mai daɗi. Tun ranar Asabar bakina ya ƙi rufuwa.

Kin tuna na rubuto miki wancan watan cewa idona ya ƙare, zan sayar da keken ɗinkina. Ba da wasa na faɗa ba. Tun da maƙwabcinmu ya ɗora bene ya toshe tagar ɗakin ɗinki, ko da tsakar rana sai na kunna wuta, kuma ƙaramin ƙwan lantarki mai arba'in nake sawa, saboda manyan suna cinye mita, su mai da ɗakin kamar tanda. A hankali zura zare a allura ya zame min yaƙi. Abin da ya karya min zuciya shi ne rigar wata malamar asibiti, shuɗiya mai duhu, da na yi wa kalmasa da baƙin zare ban sani ba. Shekara talatin da ɗaya ina ɗinki, ba a taɓa dawo min da kaya ba sai ranar. Kin ce in huta, za ku ɗauki nauyina. Allah Ya yi miki albarka, amma kin san ni ba a gina ni don zaman jiran hannun 'ya'ya ba. Duk da haka na sallama, kawunki direba ya samo wani tela da zai zo ranar Asabar ya ɗauki keken.

Ranar Laraba ƙwan nan ya mutu, ga sauran siket biyu da nake so in sallami masu su kafin in rufe. Na ce tunda aikin ƙarshe ne, bari in sayi mai ɗari, mita ta ci abin da za ta ci. Na je wurin mai kayan wutan da ke kusa da famfo, na ce ya ba ni mai ɗari. Ya miƙo min wani ɗan kwali, ya ce wannan sabon yayi ne mai tsimin wuta, ba tsada kuma. Na duba jikin kwalin, sai na ga sha biyu. Auta, raina ya ɓaci! Na ce masa na yi sakandare, na san bambancin sha biyu da ɗari, kada ya ga furfura ya ɗauka zai ɗora min kayan da suka ƙi sayuwa. Na yi masa wa'azin tsoron Allah a ciniki, a gaban mutum huɗu ko biyar, har mai gyaran takalmi ya ajiye gudumarsa yana kallo.

Bawan Allah ya buɗe kwalin. Ya ɗaura ƙwan a allon gwajinsa ya kunna, sai da na kare fuskata da mayafi. Yana dariya ya ce, wai Mama lambar nan ba ta haske ba ce, ta ci ce, tsofaffin suna cin ɗari su ba da zafi, wannan yana cin sha biyu ya ba da haske. Mai gyaran takalmi ya sa baki, wai ai ko a gidansu wanda ya fi kowa ci shi ya fi kowa barci. Ban yi dariya a can ba, amma yayanki ne ya faɗo min a rai. Ya tambaye ni fari nake so ko mai ruwan ɗorawa, na ce ɗinki nake yi, ya ce to fari, shi ne ba ya ɓoye launi.

Babanku ya hau kujera ya ɗaura, ina riƙe da ƙafarta ina tuna masa ya kashe makunni tukuna. Da aka kunna, wallahi kamar an rushe benen maƙwabci. Na jawo akwatin zare, ga baƙi can, ga shuɗi can, kowa da fuskarsa. Na ɗauki ƙaramar allura, zura ɗaya zare ya wuce. Na zare na sake, ya wuce. Sau bakwai na yi, ina hawaye ina dariya. Sai dai hasken nan ba ya rufa wa kowa asiri. Ni da nake dukan ƙirji da tsabta, na ɗaga kai na ga yanar gizo ta cika kusurwa, ga ƙura a saman kabad. Babanku ya ce ashe a duhu nake ta yi wa mutane faɗan ƙazanta. Na nuna masa tabon mai a gaban rigarsa.

Washegari na koma na ba mai kayan wuta haƙuri, kuma da ƙarfi na yi maganar yadda kowa zai ji, tunda da ƙarfi na ci mutuncinsa. Ki riƙe wannan, wanda kika ɓata a bainar jama'a ba a raɗa masa ban haƙuri. Na ƙaro uku, na kicin da na falo da na ƙofar gida. Ana iya taɓa su da hannu suna kunne, mita ma ta rage gudu. Ke ma ki canza na gidanki, amma kada son banza ya kai ki ga waɗanda ake zubawa a faranti ba kwali. Ki sa a gwada a gabanki, a rubuta miki ranar saye a jikin kwalin. Kuma don ba ya cin wuta ba shi ne za a bar shi a kunne ba kowa a ɗaki ba, almubazzaranci sunansa ko da kaɗan ne.

Ranar Asabar tela ya zo da mai ɗaukar kaya, ya tarar ina kan keke ina taka shi. Na ba shi ruwa, na ba shi haƙuri, na ce keke ba na sayarwa ba ne. Ya ɗaga kai ya daɗe yana kallon ƙwan, ya tambayi inda na saya, ya tafi. Asibitin ido da kike ta naci zan je, kada ki ce na ƙi jin magana, amma tabarau zan nema, ba hutu ba.

Babanku da gwaggonki da kawunki suna gaishe ku, yayanki ma ya ce a gaishe ki, bakinsa cike. Ki gaida maigidanki da surukarki da kyau. Ki auno min jikata Mai-kumatu daga kafaɗa zuwa gwiwa, da faɗin ƙirji, zan yi mata riga mai tattara. Da tef za ki auna, ba da ido ba, na san halinki.

Wassalam,
Mahaifiyarki