Dodon da Ama Ta Kunna wa Fitila

Norway, 24 ga Yuni

Yaya Chokpa,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da dabbobi. Ki gaida mahaifiyarmu Ama, ki ce mata ina cin abinci. Ba ƙarya na yi ba. Burodi da kifi mai sanyi, safe da rana, kamar wanda aka yanke wa hukunci.

Aikin shi ne wanda kika sani. Mu takwas ne, muna jera wa Turawa matakalar dutse a jikin wani tsauni da in a gida ne ko suna ba za mu sa masa ba. Ranar Lahadi su zo da karnukansu su hau, su tsaya suna ɗaukarmu hoto. Ba na jin haushinsu. Ba wanda ya taɓa ɗaga mini murya, kuma in an ce ƙarfe biyar za a tashi, ƙarfe biyar ake tashi. Gwiwata ce kawai ba ta gode musu.

Ba wannan ya sa na rubuto ba. Wata guda ke nan da abokin aikinmu Phurba ya koma gida da karyayyen hannunsa. Na ba shi littafi ya kai wa 'yata Diki, da wasiƙa a ciki. Har yau shiru.

A wani kanti kusa da tashar jirgin ruwa na saye shi, na Ingilishi, tunda shi ake koya musu a makaranta. Labarin Baikin ne, kakannin mutanen nan da suka yi zamanin fashi a teku. Wani sarkinsu mai tumbi ne kan dodon katakon da ke gaban jirginsa ya karye, sai ya ɗauko dodo na gaske ya zaunar da shi a wurin, da sharaɗin kada ya motsa. Shi kuwa dodon, da jirgi ya fara lilo sai amai. Aman dodo kuma wuta ne. Kwana huɗu na yi ina bin layi da yatsa. Torstein, maigidanmu a wurin aiki, ya tarar da ni a bayan tanti kafaɗuna na rawa, ya zaci kuka nake yi. Rabon da in yi dariya irin wannan tun matata Doka na da rai.

Kina wurin, kin ga yadda muka rabu. Kowa ya rataya mini farin gyalen sallama a wuya, 'yata ta shige gonar dankali ta ƙi fitowa. Da na bi ta sai ta ce, "Ranar da Mama ta mutu ma kana kan dutse." Shekararta goma, kuma gaskiya ta faɗa.

Torstein ya ce in ina so in zauna har bayan hunturu, akwai aiki a wurin ƙaninsa mai fasa dutse. Tsakiyar Satumba yake son amsa. Idan hankalin yarinyar ya fi kwanciya ba na nan, zan zauna, in riƙa aiko abin da ya samu. Ki tambaye ta, ki gaya mini gaskiya ko da a murhu ta jefa shi. Ba lallashi nake nema ba.

Ki huta lafiya.

Ƙaninki,
Urken

Makiyayar sama, 14 ga Yuli

Urken,

Na amsa gaisuwarka, kowa lafiya. Wasiƙarka ta same ni a nan sama, ni da yak, shanunmu na tsauni masu gashi, goma sha ɗaya da ruwan da ba ya ɗaukewa. Tun faɗuwar damina ban sauka ƙauye ba, saboda haka abin da zan gaya maka daga bakin Diki na ji. An ba su hutu, ta hau ta yi mini mako.

Muna tatsa na tambaye ta. Ta ce, "Wane littafi?" Na ce wanda Phurba ya kawo. Ta ce, "Na Kaka ne. Ni ba a aiko mini komai ba." Ta ci gaba da tatsa kamar ita da dabbar suna da tsohuwar gaba. To ka ji, ba murhu, ba komai. Littafin bai zo hannunta ba. Phurba ya yi kwana uku a Kathmandu kafin ya hauro, ka kuwa san Phurba da giyar gero. Ina sauka zan kama kunnensa.

Kai ma akwai ka da ɓoye-ɓoye. Shekara uku ba ka taka gidan ibada ba, ka gaya wa malamin ibadarmu Lama Thupten maganar da ko kare ba a gaya wa, sai ga shi ka aiko wa Ama littafin addu'a a naɗe cikin rawayen ƙyalle, ba ka ko ambata mini ba. Diki na makaranta lokacin. Ama ce ta ba ta labari, wai ta shafa bangon littafin, tunda idon nata yanzu haske da duhu kawai yake rabewa, sai ta ji dodon tsawa a ƙarƙashin yatsunta, irin wanda Baba ya sassaƙa a kantar ibadarmu. Ta yi kuka, ta mayar da ƙyallen, ta ɗora shi can sama. Kullum safe fitilar man shanu a gabansa, kuma ba mai taɓawa. Ba gidan da ba ta shiga ta ce ɗanta ya dawo hanya ba. Ta gayyaci Lama ya zo ya buɗe shi ranar goma ga wata mai kamawa, an ce har da shayi da gurasa na mutum ashirin. Ni ma zan sauka.

Zancen zaman hunturu kuma ka ajiye shi. Yarinyar da ba ta son ubanta ba ta zuwa bakin gada ta tsaya duk ranar da 'yan dako suka iso.

Ka sa wa gwiwar ruwan zafi. Ka zauna lafiya.

Yayarka,
Chokpa

Norway, 1 ga Agusta

Yaya,

Gaisuwa a gurguje, mai kai wasiƙa gari yana jirana.

Ƙunshi ɗaya na ba Phurba. Ɗaya tak. Rawayen ƙyallen nan daga tsohuwar rigar aikin Torstein na yanko shi, don kada ruwa ya taɓa takarda. Ko kaɗan ban tuna cewa da rawaya muke naɗe littattafan addu'a ba, kin ga irin nisan da na yi. Dodon da Ama ta shafa shi ne mai aman.

Ki saki kunnen Phurba. Bai ɓatar da komai ba, ya miƙa wa babbar gida saƙo kamar yadda aka koya mana. Ni ne ban rubuta suna a waje ba.

Da na gama karanta wasiƙarki sai na zauna a kan dutsen da nake sassaƙa. Ashe ba ƙi ta yi ba. Wata biyu ina jera dutse ina jera mata amsoshi a raina, ashe yarinya na can bakin gada tana zaton na tuna da kowa ban da ita. Ranar na ci kifin nan har na nemi ƙari.

Yanzu ki saurare ni. A shafi na talatin da ɗaya dodon ya yi amai a kan wandon sarki. Hoton ya cika shafi biyu, sarki na gudu a kan jirgi, ɗuwawunsa a fili, jajur kamar tumatir. Abin da Lama Thupten zai buɗe ke nan a gaban mutum ashirin. Shi ban damu da shi sosai ba, ko da yake na san ba shi ya kashe Doka ba, na dai rasa wanda zan zaga ne a lokacin. Ama nake ji. Ban dawo kowace hanya ba, Yaya, kuma ba na son ta ji haka a gaban maƙwabta da gurasa a hannunsu.

Ki sauka da wuri, ki sauke shi daga kantar nan, ki ba mai shi. Na ce wa Torstein ya ƙara mini haƙuri. Ba zan ba shi amsa ba sai na ji daga bakin Diki, ba daga naki ba, don ke kina sona fiye da yadda ya kamata.

Ki huta lafiya.

Urken

Gida, 23 ga Agusta

Urken,

Gaisuwa. Wasiƙarka ta iso kwana biyu bayan an gama komai. Na karanta ta a tsaye ina dariya, Ama na tambaya ko wani ya haihu ne.

Ga yadda aka yi. Ɗaki ya cika, har da waɗanda ba a gayyata ba. Ama ta sa na sauko da ƙunshin, ta karɓa da hannu biyu ta taɓa goshinta, aka zaga da shi kowa ya taɓa nasa. Ni ma na taɓa, kada ka tambaye ni. Lama ya kwance ƙyallen, ya sa tabarau, ya dubi bangon. Ya buɗe shafi ɗaya, ya buɗe wani. Da ya kai tsakiya sai ya tsaya, ya daɗe. Na ga kunnuwansa sun yi ja. Ya yi tari, ya nemi shayi. Phurba da ke bayansa ya leƙa ta kafaɗarsa, ya miƙe ya fita, har aka tashi bai dawo ba.

Ama ta ce, "Lama, ka yi shiru. Babban littafi ne?"

Ya ce, "Ama Phuti, ba harshena ba ne. Kuma ba ni aka aiko wa ba." Sai ya zaro takarda daga cikin shafukan. "Diki, zo nan. Sunanki ne a jiki."

Ta karɓa, ta juya ta fuskanci bango ta karanta. Ban san abin da ka rubuta ba, ba ta kuma nuna wa kowa ba. Da ta juyo hancinta na zuba, ta goge da hannun riga.

Lama ya miƙa mata littafin ya ce, "Zauna kusa da kakarki, ki karanta ki fassara mata. A hankali, ni ma ina ji."

Ta fara. Ba a yi nisa ba Ama ta ɗaga hannu. "Tsaya. Wane irin dodo ne yake amai?"

"Na haya ne, Kaka."

Na ga fuskar Ama ta sauka, raina ya ɓaci ƙwarai. Ta juya wajen muryar Lama ta ce, "Wato man shanun wata uku na ƙona a kan wannan?"

Ya ce, "Don ɗanki kika ƙona shi. Shi kuma yana can ƙarshen duniya yana tunanin gidan nan, ga shaida a hannun yarinya. Ni ban ga abin da ya lalace ba."

Ta murza carbinta. Can ta zunguri Diki da gwiwar hannu. "To ci gaba mana. Sun isa inda za su?"

Da aka kai wurin wandon, matar maƙwabcinmu Gyalzen ta ƙware da shayi sai da aka bubbuga mata baya. Ama ta sa aka bayyana mata hoton sau biyu, ta ce sarkin ya yi kama da mijina. Gurasa ba ta yi saura ba.

Da mutane suka watse ta ce mini, "Na san bai dawo ba. Amma tunda har ya iya zaɓo abin dariya, da sauransa." Littafin yanzu a kantar ƙasa yake kwana, don ta ce rubutu rubutu ne, ba a ajiye shi inda ƙafa ke bi. Fitilar ta koma inda take a da.

Lama ya ce a ara masa in an gama, wai yana son ya ƙara duba wani shafi. Ya ce in gaishe ka, kuma maganar da ka gaya masa ya manta rabinta.

Ga wasiƙar Diki a ciki. Ita ta liƙe da kanta, ban gani ba. Ka zauna lafiya.

Chokpa

Baba,

Ina gaisuwa. Na karanta littafin sau uku. Kaka ta ce dodon wawa ne amma kullum sai ta sa na maimaita mata. Akwai kalmomi bakwai da ban sani ba, malama ma biyu ba ta sani ba.

A bayan littafin an rubuta akwai na biyu. Kada ka ba Kawu Phurba. Kada ka naɗe shi da rawaya. Ka kawo da kanka.

Har yanzu ina fushi kaɗan. Gyalen da ban rataya maka ba yana nan, na ninke shi a ƙarƙashin katifata.

'Yarka,
Diki

Norway, 11 ga Satumba

Yaya Chokpa, da wadda na san tana leƙe ta kafaɗarki,

Gaisuwa ga kowa. Na gaya wa Torstein ya nema wa ƙaninsa wani. Ya tambayi dalili, na ba shi labarin rigarsa, sai da ya zauna a ƙasa. Saura matakala tamanin mu kai ƙolin tsaunin. Zan iso kafin ƙanƙarar farko.

Ki ce wa Ama na ji, ban kuma ce ta yi kuskure ba. Ki ce wa Lama rabin da ya tuna zan zo mu yi magana a kai. Ban yi alkawarin fiye da haka ba.

Na sayi na biyun. A ledar kifi na naɗe shi, shuɗiya, ba wanda zai kunna masa fitila ko da hanci kawai ya bi.

Diki, fushin naki ne, ki riƙe abinki. Ki zo da shi bakin gada, tare da gyalen.

Ku huta lafiya.

Urken