Rukuɓun Bakin Rhône

Asabar da dare, watan Agusta, Villeurbanne

Yau Mamman ya ba ni haushi. Wata Baturiya abokiyar aikinmu ta kai mu bakin kogin Rhône tsinkar ganyen daji, wai za ta koya mana. Ta durƙusa da safar hannu da ɗan almakashi, ta ɗago wani ganye kamar ta tsinci zinariya. Ina dubawa na ga rukuɓu ne. Rukuɓu fa!

Sai Mamman ya gyara tabarau ya ce, "Madame, c'est comestible? Ana cin wannan?"

Mamman ɗan kawuna, da muka tashi gida ɗaya! Shekarar da gero bai yi ba, rukuɓu Inna take kwaɗa mana da ƙuli-ƙuli safe da yamma, shi ne mai suɗe kwano. Na ce, "Kai, ba ka gane shi ba?" Ya raɗa mini wai in rufa masa asiri.

Asirin me? Na cika leda, na dawo na yi kwaɗo. Da magariba sai ga shi, wai gaisuwa ya zo. Na zuba masa, na miƙa masa cokali mai yatsu, na ce, "Monsieur, ana ci."

Da hannu ya cinye, har da suɗe kwano.