Keken Marayun Bazaga

Yaya Zuwaira,

Sallama daga Tamanraset. Ina Inna da ƙafarta? Ina ɗiyanki marayun Allah? Ni lafiya lau nike, sai ɗan abin da ba a rasa ba.

Keken nan na gama haɗa shi da hannuna. Gangar jikin a bola na tsinto, na sa mashi tayoyi masu kauri da giyar hawan dutse, kuma yashi bai kada shi. In na sauko Agadas, da shi zan taso daga can har Konni, gari-gari ina neman taimako don yaran garinmu Bazaga da 'yan bindiga suka kashe ma iyaye, har da naki.

Ran Juma'a na hita gwada shi cikin duwatsu, wasu ƙarti biyu suka tare ni, wai in sauka. Guda ya tsaga mani hannun hagu da wuƙa. Na zaro sarƙar keke daga jaka na shauɗa mashi a fuska, na bar shi yana tofar da haƙora. An ɗinke ni. Kar Inna ta ji.

Don Allah ki tai wurin Alhaji Nasiru mai albasa. Ki ce mashi ya ɗauki nauyin tafiyar, ni kuwa in sa sunanshi a bayan rigata. In ya fara yi maki kwana-kwana, kalle shi cikin ido, ki tuna mashi albasar wa mijinki Sha'ibu ya ɗauko a amalanke ranar da 'yan bindiga suka harbe shi.

Allah ya raya mana su.

Ƙanenki,
Sumaila