Kafaɗar Baba Ce Sikeli

Zuwa ga Yayana, babban wa abin alfahari,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina miƙo gaisuwa mai tarin yawa, da addu'ar Allah Ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da maiɗakinka da yara. Yaya aiki, yaya zaman nesa da gida? Allah Ya ƙara rufin asiri, Ya dawo mana da ku lafiya. Mu nan kowa kalau. Ƙafar Mama ta yi sauƙi, har ta koma faɗa da 'yan haya a kan igiyar shanya, ka ga kuwa lafiya ta samu. Autarmu ta gama koyon ɗinki, ta fara gwaji da rigata. Hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo, amma ina sawa saboda zumunci. Shago kuma sai godiya, zafi ya shigo, fanka da firji suna tafiya.

Na san abin da ke cin ranka shi ne maganar Baba da ɗanka Ƙato, tunda Mama ta tsegunta maka a waya cewa kaka da jika ba sa magana. To, bari ka ji daga bakin wanda aka yi a gabansa. Ka san ƙarshen watan nan Ƙato zai yi babban wasansa na farko a damben masu nauyi, kuma burinsa tun yana ƙarami shi ne ranar ya waiga kusurwarsa ya ga Baba tsaye da tawul a kafaɗa. Ana nan, wata ranar hutu muna falo, aka nuno wani tsohon wasa mai hoto baƙi da fari. Baba ya gyara zama, ya ce ga mazan da suka san naushi. Ƙato ya yi dariya, ya ce ai waɗannan da yau ne ko sikelin masu nauyi ba za su cika ba, 'yan damben yanzu sun fi su jiki nesa ba kusa ba. Baba ya ce in jiki ne naushi, sai a je mahauta a zaɓo zakara. Ya ce safar hannun wancan lokaci ba ta fi safar ƙafa kauri ba, ga zagaye ba ya ƙarewa, ba irin ta yau mai kama da matashin kai ba. Da a nan aka tsaya da lafiya lau. Sai ɗan naka ya ce wai tsufa ne ke ƙara wa naushin mutanen da nauyi a cikin tunanin Baba. Baba ya miƙe, ya ɗauki hularsa, ya ce ba zai taka wurin wasan ba, 'yan zamani su riƙe wa Ƙato tawul.

Ka fi ni sanin inda maganar ta soke shi. Baba bai taɓa ɗaga kambi ba, amma ƙuruciyarsa kaf a kulob ɗin bayan tasha ya yi ta, yana tokare buhun yashi da kafaɗa manyan 'yan dambe suna jibga, har da marigayi Guduma, ɗan dakon nan da Baba ke cewa bai taɓa naushin mutum sau biyu ba. Ƙato ya ba da haƙuri, Baba ya kau da kai. Mama ta yi lallashi ta gaji. Kawu direba ya kawo shawarar a je babban kanti, inda akwai injin da ake nausa ya nuna lamba. Baba ya ce madalla, a fara tono Guduma ya nausa tukuna. Yaron nan, Yaya, ƙaton banza, sai da ya fara ramewa a fuska, kocinsa yana ƙorafin hankalinsa ba ya jikinsa.

Ni kuwa wannan gardama kullum ina cin abinci da ita a shago. Mai son tsohon firji na hannu, sai in rantse masa kayan da sun fi ƙarko. Mai son sabo, in nuna masa zamani ya ci gaba. In biyu suka haɗu suna musu, ba na shiga, sai in ce kowa ya zura hannu cikin duka biyun ya ji sanyin da kansa. Tunanin nan ne ya kai ni ɗakin Baba. Na zauna na zage 'yan damben yanzu tas, na ce duk kumburi ne, na ce yaron nan yana bukatar a kunyata shi a gaban abokansa. Sai na yi ajiyar zuciya na ce abin takaici babu shaida: inji bai san Guduma ba, tsohon hoto ba ya da nauyi, sikeli ɗaya da ya rage a duniya wanda ya auna mutanen da shi ne kafaɗar hagun Baba, ita kuma ta tsufa, ba za ta iya riƙe buhu ba. Ya yi mini wani kallo. Washegari da safe na fito na same shi a bakin ƙofa, ya naɗe hannun riga, yana tambayar abin da ya tsayar da ni.

Kafin mu isa kulob ɗin da ake atisaye, inda Baba zai tokare buhun, na riga na ja kunnen Ƙato ya sassauta hannu, kar ya karya mana tsoho. Ashe nan na so in ɓata aikin. Naushin farko kawai, Baba ya leƙo ta bayan buhu ya daka masa tsawa, ya ce shi ba jariri ba ne da za a jijjiga, in raini ne zai ci gaba to a buɗe masa ƙofa. Ƙato ya dube ni, na dubi rufi. Sai ya saki na gaske. Yaya, hular Baba ta yi nata wuri, takalminsa ya ja ƙasa, sarƙar buhun tana kuka. Baba ya ɗauki hula, ya kaɗe ta a hankali, sannan ya yanke hukunci: naushin Guduma kamar ƙusa yake, yana ratsa yashi ya sami ƙashi, sai gobe za ka san an taɓa ka, na Ƙato kuwa babbar mota ce, tana ture mutum amma ba ta shiga. Ya ce ƙarfin akwai, har ya yi yawa, ɓarnarsa ake yi, domin yaron daga kafaɗa yake jefawa, diddigensa na baya yana barci. Kafin kowa ya yi magana, tsohon nan ya durƙusa ya kama diddigen jikansa da hannu yana murzawa, yana nuna masa inda naushi ke tasowa.

Tun ranar kullum da safe tare suke fita. Har gobe Baba bai janye ba, mutanen da ne gaba, shi kuma Ƙato ya koyi saurin amsa masa da haka ne. Ni dai na san a hanyar komawa gida ranar Baba ya rage murya ya ce in tsaya kemis in sayo masa man zafi, kuma in wani ya ji, zai auna mini naushin zamanin da a jikina kyauta. Kai kana nesa, hannunsa ba zai kai ka ba, ni kuwa gida ɗaya muke, don haka in ka kira shi ka tambayi komai ban da kafaɗa. Mama ta sayo sabon farin tawul, yana rataye a bayan ƙofar Baba, ya hana kowa goge hannu da shi.

Ka gaida maiɗakinka da kyau, da 'yan biyu da ƙanwarsu. Mama, Kawu direba, Gwaggo da Auta duk suna gaishe ku. Ƙato ya ce ka sa shi a addu'a. Baba ma yana gaisuwa, da hannun dama.

Naka har kullum,
Ƙaninka mai firji.