Inna Ba Ta Kama Sunana

Zuwa ga ƙanena Ɗahiru, a Matameye.

"Yaya, duk Juma'a zan turo miki muryar Inna." Haka ka ce a tasha, kana riƙe da jakata.

Ina gaisuwa. Yaya Jamila da yara, yaya gonar Ɗan Barto? Ni lafiya lau nake a Kotonu. Biron da nake yi wa fassara sun kawo na'ura mai ƙirƙirarriyar basira, yanzu gyara kawai nake mata, rabin yini. Ba komai, ina hutawa.

Saƙon makon jiya ne ya hana ni sukuni. Muryar Inna ce, har da tarin nan nata. Amma ta ce, "Zuhra, ina lafiya." Ɗahiru, ni ce 'yar fari! Inna ba ta taɓa kama sunana ba, ko ranar aurena "ke yarinyar nan" ta ce. Na san na'urar tana kwaikwayon murya, a gabana ake yi. Kai ka haɗa? Me kake ɓoye min? Ko jikinta ne ya yi nauyi har ta manta kunya? Ban san wanne ya fi ba ni tsoro ba.

Juma'a mai zuwa, in an sauko masallaci, ka kira ni ta bidiyo, ka miƙa mata wayar. In ba ka yi ba, Asabar ina cikin mota, in ji da kunnena yadda za ta kira ni.

Allah ya shirye ka, ya yi wa yara albarka.

Yayarka,
Zuhra