Gyaɗar Kalen Kande

Apapa, Ikko

Zuwa ga Yayana Lurwanu, a Yammedi.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, kai da iyali, Allah Ya sa an yi kaka lafiya, Ya ƙara rufa asiri, amin. Yaya, damina ta huɗu ke nan rabona da gida. Ina nan inda ka sani, a rumbun gyaɗa na bakin ruwa, ina ɗibar samfur daga buhuna ina kai wa ɗakin gwaji. Ƙafafu sun gaji, ruwan garin nan ya ƙi karɓata, amma alhamdu lillahi.

Ɗantala mai rakiyar shanu a jirgin ƙasa ya kawo mini ƙullin ƙuli-ƙulin da 'yata Kande ta aiko. Ya ce da gyaɗar da ta kalata a gonarka bayan an gama cira ta yi shi, ita ta ɓare, ita ta soya, uwarta Hajjo ba ta sa mata hannu ba. Na ce ya gaya mata na cinye tas, ban taɓa cin mai daɗinsa ba. Yaya, ƙarya na yi. Ko ɗaya bai shiga bakina ba, a teku na zubar, kuma tun da Ɗantala ya juya ƙaryar nan take damuna.

Ga dalili. Mai gwajinmu, Malam Abdulsalami, mutumin Ilori ne mai jin Hausa, ya yi karatu a Ingila. Ya ba ni labari cewa 'yan shekarun baya talotalo dubbai suka yi ta mutuwa a can, aka rasa dalili, sai daga baya masana suka gano tunkuzar gyaɗar da ake ba su ce. Wai fumfunar da ke kama gyaɗa in ta daɗe cikin laima tana barin dafi, wuta ba ta kashe shi, kuma hanta yake ci a hankali. Da na raina zancen, sai ya karɓi ƙuli-ƙulin Kande guda, ya niƙa, ya jiƙa da maganinsu, ya ɗiga a faranti, ya haska da wata fitila a ɗaki mai duhu. Da idona na ga wurin ya yi shuɗi yana ƙyalli. Ya gaya mini gaskiya, ya ce a kan dabbobi aka tabbatar, a kan mutane ana bincike tukuna, amma shi ba zai ba ɗansa ba. Ni ma na ce abin da ya ci Doma ba ya barin Awe.

Abin da ke cina shi ne, kullum aikina tace gyaɗa don kada kajin Turawa su yi ciwo, alhali mu mai kyan muke kai wa sikeli, mu bar wa yara motsattsiya mai ɗaci. Ban zargi Turawan ba, dukiyarsu suke tsaro. Kai ma ban ga laifinka ba, haka muka taras, ga haraji a wuya. Na tuna yadda cikin Baba ya kumbura idonsa ya yi rawaya. Ban ce ita ce ba, Allah ne masani. Amma yanzu da bakina na yaba wa yarinya, na san gobe za ta koma kala da murna, ta ci ta ba ƙannenta.

Don Allah, Yaya, a hana su gyaɗar kala. Duk ƙwayar da ta yi baƙi ko kore a binne ta, kada a ba ko akuya. A riƙa cira da wuri, a shanya ta bushe ƙarau kafin a zuba a buhu. Kande kuwa kada ka ce mata na zubar. Ka ce Babanta ya ce na gaba da gyaɗar buhu yake so.

A gaishe mini da Inna Saude, da Lauratu, da Hajjo da yara, da Malam Nasidi da zai karanta maka wannan.

Abin da na iya tarawa duk zamana a nan: bargo ɗaya, fitila ɗaya, da fam uku da sule goma. Kuɗin suna cikin takardar nan. Da su na sayi buhun gyaɗa ɗaya a hannunka, na mai kyau. Kada ya hau sikeli, a ci a gida.

Ƙaninka,
Halliru