Tankunan Kan Rufin Zauren Dangi

Amman, Litinin

Kawu Miflih, gaisuwa da girmamawa.

Hoton zauren da ka aiko ya hana ni sakat. Kafin in sa hannu a zanen gininsa a matsayin injiniya, sai da na ɗora wa rufin nan iskar Ajlun da girgizar ƙasa da dusar ƙanƙara mai kai gwiwa a kwamfuta, duk ya ɗauka. Tankunan ruwa shida da nake gani a kansa ba sa cikin lissafina. Kowanne in ya cika tan biyu ne. Na sake gwadawa da su, ginshiƙin tsakiya ya yi ja, alamar ba zai ɗauka ba. Ga shi an ce dusar ƙanƙara za ta sauka ranar Alhamis. Don Allah a ɗage taron Juma'a, ko a juye ruwan.

'Yarka, Sausan

Ajlun, Talata

Sausan 'yata, Allah ya yi miki albarka.

Ina zuba kankare tun uwarki na tallen ɓaure, yau akwatin ofis zai koya mini gini? Kin zauna a birni kin manta sau ɗaya a mako ake sako mana ruwa. In zubar da shi, baƙi ɗari uku su yi alwala da me? Taron kuma sulhun jini ne da dangin Rabadi, shekara tara muna nemansa. Wanda ya ɗage ranar sulhu ya sake tono gawa. Ruwa ba sa'an kwando ba ne, ki bar manya da aikinsu.

Kawunki

Amman, Laraba

Kawu, ina gaisuwa.

Ban raina ka ba, tsoro nake ji. Yanzu Inna ta gaya mini tankunan tara ne, uku suna bayan katanga inda hoton bai kai ba. Me ya sa ka ɓoye? Ba na jin rufin zai kai sallar Juma'a da dusa a kansa. Idan ya rufta kan baƙin da suka zo yafe jini ɗaya, jini nawa za mu biya? A ƙarƙashinsa za ka zauna, Kawu.

Sausan

Ajlun, Asabar

'Yata, sallama.

Ban zubar da ruwan ba. Na sa matan unguwa suka kwashe shi tulu-tulu kafin taron, har da na gidan Rabadi. Dusa ta kai gwiwa. An sha gahawa, an yafe.

Da aka watse na ɗaga kai. Ginshiƙin tsakiya ya tsage, ɗan yatsana yana shiga. Ban gaya wa kowa ba, na dai kulle zauren.

Ki zo da akwatin naki.

Kawunki Miflih